Mita 800 tsakanin mutuwa da tsira: abin da ya sami salamandar wuta a wani daji na kudancin Holan

## Wurin da dabbar

Holan ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, amma can ƙuryar kudu, a lardin Limburg, inda ta matse tsakanin Beljiyam da Jamus, akwai tudu da gangare. Nan ne tsaunukan Ardennes da Eifel suke ƙarewa. Tudun da ya fi kowanne tsawo a yankin, Vaalserberg, mita 322 ne kawai. Dajin da wannan nazari ya shafa siriri ne, yana kwance a gangaren kwarin kogin Maas, arewa da birnin Maastricht. Itatuwansa masu zubar da ganye ne, ƙasarsa kullum a jiƙe, idanun ruwa masu sanyi suna ɓuɓɓugowa daga gangaren suna haɗuwa su zama ƙananan ƙoramu. Layin dogo ya ratsa shi, gonaki da ƙauyuka da tituna sun kewaye shi. Ga ƙaramar dabba mai tafiyar hawainiya, wannan daji tsibiri ne.

Dabbar ita ce salamandar wuta, wadda masana ke kira Salamandra salamandra. Wanda ya gan ta zai ce ƙadangare ne, amma 'yar'uwar kwaɗo ce: ba ta da ɓawo a jiki, fatarta laushi ce mai danshi, kuma ta wannan fata take shan ruwa, har wani ɓangare na numfashinta ta nan yake bi. Baƙa ce wuluk mai ɗigo ko zane rawaya, tsawonta yakan kai santimita 20. A bayan idanunta akwai kumburi biyu da ke fitar da dafi, shi ya sa ba kowane maharbi ke kusantarta ba. Sunan wuta kuwa daga tsohon camfin Turawa ya samo asali: takan ɓuya cikin ruɓaɓɓen icce, idan aka jefa iccen a murhu sai ta fito da gudu, mutane suka ɗauka wuta ce ta haife ta.

Abu uku game da rayuwarta suna da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Tana da tsawon rai, takan haura shekara 20 a daji. Ba ta son ƙaura. Babba takan koma maɓoya ɗaya shekara da shekaru. Kuma a wannan yanki macen ba ta yin ƙwai, sai dai ta je bakin ƙorama ta haifi 'ya'ya masu rai, masu kama da talibambam, waɗanda za su yi watanni a ruwa kafin su hau tudu. Ba sa isa haihuwa sai bayan 'yan shekaru.

## Asali da dangi

Salamandar wuta ta bazu daga Fotugal har zuwa tsaunukan Karpatiya da yankin Balkan, amma ba a shimfiɗe ba. Tana nan tsibi-tsibi, duk inda aka sami daji mai inuwa a kan tudu da ruwa mai sanyi. Binciken ƙwayoyin gado da Sebastian Steinfartz da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 ya nuna cewa bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin Turai, salamanda sun sake cika tsakiyar nahiyar ta hanyoyi biyu, wasu daga kudu maso yamma, wasu daga kudu maso gabas. Na Holan 'yan reshen yamma ne, masu zane biyu a gadon baya, kuma suna zaune a bakin iyakar inda jinsin ya kai ta arewa maso yamma.

Wannan dabba tana saurin rarrabuwa gida-gida. A dajin Kottenforst kusa da birnin Bon na Jamus, an gano a 2007 cewa masu haihuwa a ƙorama da masu haihuwa a kududdufi sun fara bambanta a ƙwayoyin gado, alhali daji ɗaya suke ciki, ba kogi ko dutse a tsakaninsu. A birnin Oviedo na arewacin Sifaniya akwai ƙananan garke da gine-gine suka killace a tsofaffin ganuwa da farfajiyoyi, kowane da tambarinsa na gado. Saboda irin waɗannan misalai, fargabar masu kiyaye dabbobi a Holan ita ce ta kullum: garke ƙarami da aka yanke daga 'yan'uwansa yakan riƙa auren gida, bambancin gadonsa ya ragu, ya yi rauni sannu a hankali. Maganin da aka sani shi ne a gyara daji, a tsare ruwa, a haɗa dazuzzukan da suka rabu.

Kafin abin da za a bayyana a ƙasa ya faru, wurare uku kawai aka sani da salamandar wuta a duk faɗin Holan, duka a kudancin Limburg. Biyu na asali ne, ɗaya kuwa mutane ne suka kai su. Dajin da muke magana a kai shi ne mafi yawan garke. Jinsin yana cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗari a ƙasar, amma a lokacin ana ganin lamarinsa a daidaite yake.

## 1997 zuwa 2010: ƙidaya, sai gawawwaki

Tun 1997 masu aikin sa kai suke ƙidayar salamanda a dajin, ƙarƙashin tsarin da ƙungiyar RAVON mai kula da kwaɗi, macizai da kifayen Holan take tafiyarwa. Aikin ba shi da wuyar fahimta. A daren da aka yi ruwa kuma ba sanyi mai tsanani, mutum ya ɗauki tocila ya bi hanya ɗaya da aka tsayar, ya rubuta duk wadda ya gani. Da yake zanen bayan kowace salamanda daban yake da na 'yar'uwarta, hoto ya isa a gane wadda aka taɓa gani. Shekara goma ana wannan ba wani abin tayar da hankali.

Daga 2008 aka fara tsintar matattu a kan hanyoyin dajin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba alamar taku ko cizo a jikinsu. A 2010 adadin da ake gani da rai ya faɗi warwas. Da aka haɗa lissafi, raguwar ta kai kashi 96 cikin 100. Zuwa 2013 kashi 4 cikin 100 ne kawai suka rage na garken da aka sani.

## 2010 zuwa 2012: gwaje-gwajen da ba su nuna komai ba

Zargi na farko ya faɗa kan wani fangas, wato dangin fumfuna da irin ƙwayar da ke kawo makero a fatar mutum. Sunansa Batrachochytrium dendrobatidis, ana taƙaita shi Bd. An sa masa suna a 1999, kuma shi ne ya hallaka kwaɗi masu yawan gaske a Ostireliya da tsakiyar nahiyar Amurka. Aka goga auduga a fatar salamandar dajin, aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Babu Bd. Aka nemi ƙwayar cutar ranavirus, wadda ita ma takan kashe kwaɗi tari guda. Babu ita. Aka duba ko wurin zaman ne ya lalace. Nan ma ba a sami canjin da zai bayyana mutuwa irin wannan ba.

Matattun da ake tsinta yawanci sun riga sun ruɓe, ba sa amfanuwa wajen binciken gawa. Rahoton da Annemarieke Spitzen-van der Sluijs da abokan aikinta suka fitar a 2013 ya kira lamarin raguwa mai ɗaure kai, ya lissafa abubuwan da aka kawar, bai iya nuna mai laifi ba.

## 2012: kwashe ragowar

Ganin abin na neman ƙarewa, a 2012 aka yanke shawarar kwashe waɗanda za a iya samu. RAVON ta buɗe gangamin neman taimako mai suna SOS Vuursalamander, aka kama salamanda 39 aka tsare su a hannu, da niyyar su hayayyafa har ranar da za a mayar da zuriyarsu. Tsakanin Nuwamba da Disamba na wannan shekara kusan rabinsu suka mutu.

Cutar ta biyo su daga daji. Sai dai wannan karon gawawwakin sababbi ne, kuma an kai su sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ghent a Beljiyam, wurin An Martel da Frank Pasmans.

## 2013: an gano mai kisan

A ƙarƙashin madubin bincike fatar matattun cike take da ƙananan gyambuna da ramuka, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin fangas masu kama da Bd. Amma gwajin Bd ya ci gaba da cewa babu. Dalilin shi ne gwajin an ƙera shi ne ya gane wani yanki na DNA, wato ƙwayoyin gado, da Bd kaɗai ke da shi, kamar makullin da aka yanka wa ƙofa ɗaya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Masu binciken suka raini fangas ɗin daga fatar wata matacciya, suka karanta ƙwayoyin gadonsa, suka tabbatar sabon jinsi ne, ɗan'uwan Bd. A Satumba 2013 suka sanar da shi a mujallar PNAS da suna Batrachochytrium salamandrivorans, ma'ana mai cin salamanda, a taƙaice Bsal. Ya fi yaɗo a digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai sanyin da salamanda ke so, kuma yakan mutu idan zafi ya kai digiri 25. Lafiyayyun salamanda da aka shafa wa shi sun mutu cikin kwana 12 zuwa 18. Waɗanda aka ajiye wuri ɗaya da masu cutar su ma sun kamu sun mutu cikin wata guda. Bd yakan sa fatar kwaɗo ta yi kauri. Bsal cinye fatar yake yi. Ga dabbar da ke sha da numfashi ta fata, wannan ya isa.

Da aka ƙera sabon gwaji, sai aka koma kan audugar da aka goga a dajin tun 2010 aka adana. Daga cikin 33, guda 13 suna ɗauke da Bsal. Shaidar tana cikin firji tun shekara uku da suka wuce.

## 2014 zuwa 2018: asalin cutar, magani da dokoki

A 2014 wannan tawaga da wasu masana daga ƙasashe da dama suka wallafa a mujallar Science sakamakon gwajin dabbobi fiye da 5,000 daga nahiyoyi huɗu. An sami Bsal a salamandar gabashin Asiya, a Tailan, Biyetnam da Japan, inda wasu jinsuna ke ɗauke da shi ba tare da ya kashe su ba. Har a jikin wata da ke ajiye a gidan tarihi sama da shekara 150 an same shi. Hanyar da ta fi dacewa da shaidar ita ce cinikin dabbobin ado, domin ana shigo da irin waɗannan salamanda Turai da yawa ana sayar wa masu kiwo a akwatin gilashi.

Magani ya samu a 2015. Idan aka ajiye salamanda mai cutar a digiri 25 na kwana 10, fangas ɗin yakan mutu ita ta warke. Akwai kuma haɗin magunguna biyu, voriconazole da polymyxin E, a digiri 20. Da haka aka iya tsabtace garken da ke hannu, wanda aka ci gaba da kiwonsa a gidajen namun daji, ciki har da GaiaZOO a garin Kerkrade.

A waje kuwa cutar ta bayyana a Beljiyam, kusa da Eupen a ƙarshen 2013, sannan a Robertville a 2014, da yankin Eifel na Jamus a 2015. A Robertville masana sun bi ɓarkewar tun farkonta, kuma abin da suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya rufe ƙofofi da yawa. Cikin wata shida kusan kashi 90 cikin 100 na garken suka tafi. Manya ne suka fi kamuwa, saboda su ke cuɗanya wajen barbara da faɗan wuri, kuma su ne masu haihuwa. Salamandar da aka warkar aka sake shafa mata cutar, sau da yawa, ba ta sami garkuwa ba. Fangas ɗin yana da iri biyu na ƙwayar yaɗuwa, ɗaya mai iyo, ɗaya mai kauri da ke yawo a saman ruwa ta daɗe ba ta mutu ba. Wata ƙaramar 'yar'uwar salamanda mai jan ciki, Ichthyosaura alpestris, wadda ke zaune a dazuzzuka ɗaya da ita, takan ɗauki cutar tsawon watanni tana yawo da ita. Ma'ana ko salamandar wuta ta ƙare a wuri, fangas ɗin yana da inda zai fake. Wannan ne ya hana a mayar da garken da ke hannu cikin dajin.

Hukumomi sun bi ta kan ciniki. Suwizalan ta dakatar da shigo da salamanda a 2015. A Janairu 2016 Amurka ta hana shigo da jinsuna 201. Tarayyar Turai ta kafa nata sharuɗɗan killacewa da takardar lafiya a 2018. A dajin kansa aka koma roƙon masu yawo su tsaya kan hanya, masu bincike kuma su wanke takalma da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyi kafin su shiga wani wuri. Lissafin raguwar garken ya kai kashi 99.9 cikin 100.

## 2013 zuwa 2018: garken da ke maƙwabtaka

A cikin wannan duhu ne wani abu ya fito wanda ba a tsammata ba. A 2013 aka gano wani ƙaramin garken salamandar wuta da ba a san da shi ba, kimanin mita 800 daga dajin. Aka riƙa gwada su shekara bayan shekara. Ba ko ɗaya mai Bsal, kuma suna haihuwa.

Tambaya ta farko ita ce su wane ne. Idan baƙi ne da wani ya sako daga wata ƙasa, to labarinsu daban. Aka duba ƙwayoyin gadonsu ta hanyar wasu gajerun sassa na DNA da ke maimaita kansu, waɗanda yawan maimaicinsu ke bambanta daga dabba zuwa dabba, kuma kowace ke gadon rabi daga uwa rabi daga uba. Garke biyu da suka daɗe a rabe, waɗannan alamomi sukan sha bamban, kamar yadda karin harshe ke sauyawa tsakanin garuruwan da ba sa ziyartar juna. Sakamakon ya nuna garken dajin da na maƙwabta gida ɗaya ne. Ko dai tushensu ɗaya kuma rabuwar ba ta daɗe ba, ko kuma har kwanan nan wasu na ƙetarawa suna barbara.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma a wurin salamanda haka abin yake ba tare da wani karin magana ba: gado ba ya ƙetara fili sai wata ta taka ta je. To ƙafar da ta kai gado ita ya kamata ta kai cuta. Ƙorama ta haɗa wuraren biyu. Ba wani shinge a bayyane. An ma sami salamandar wuta da mai jan cikin nan a filin da ke tsakani. Wani lissafi da aka wallafa a 2017 ya yi hasashen Bsal zai iya cin kusan kilomita 11 a shekara. Amma ga shi shekaru sun wuce bai ci mita 800 ba.

Aka yi gwaji a ɗaki: masu cuta a gefe ɗaya, lafiyayyu a ɗaya gefen, an hana su taɓa juna. Cutar ba ta ƙetara ba. Rahoton da ya fito a mujallar Scientific Reports a 2018 ya kawo dalilai uku da ake ganin sun haɗu. Filin da ke tsakani ana iya ƙetara shi, amma ba ya da daɗin bi, sai jefi-jefi. Dabbar da ta kamu ba ta da ƙarfin doguwar tafiya, kuma kwanakinta kaɗan ne. Sannan cutar ta kashe garken dajin da sauri har ba a bar masu ɗaukarta su fita da ita ba.

Bayan haka, a 2020, aka ba da rahoton samun Bsal a jikin salamanda biyu da aka tsinta matattu a yankin Eifel tun 2004 aka adana. Cutar ta riga gawawwakin farko na Holan da aƙalla shekara huɗu a Turai.

## Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Ƙidayar da aka fara a 1997 ita ce ginshiƙin komai. Ba don mutanen da suka yi shekara goma sha uku suna bin hanya ɗaya cikin ruwan sama da tocila ba, da ba wanda zai iya cewa kashi 96, kuma da wuya a tayar da hankalin kowa. A Eifel, inda matattun 2004 suka shiga kwalba, shekara goma sha ɗaya ta wuce kafin a san cutar tana yankin. Adana audugar 2010 shi ma ya biya.

Gwaje-gwajen farko sun gaza ne domin suna neman abin da aka riga aka sani. A ganina kuskuren da ya fi tsada shi ne jinkirin samun sabuwar gawa a gaban likita: daga 2008 zuwa ƙarshen 2012 ana tsintar ruɓaɓɓu, alhali makonni kaɗan na mutuwa a hannu suka ba da amsa. Kwashe 39 ɗin bai cim ma abin da aka yi shi dominsa ba a lokacin, tunda rabi sun mutu kuma ba a sami dajin da za a mayar da sauran ba, amma shi ya tona asirin cutar, kuma ya bar zuriya. Zuriyar da ta fito daga dabbobi kusan 20 kuwa gadonta ƙunci ne, dole a riƙa lura da wa ake haɗawa da wa. Maganin zafi yana warkar da dabba ɗaya ɗaya a akwati. Ba a ɗumama daji zuwa digiri 25, kuma wadda aka warkar idan ta koma za ta sake kamuwa.

Darasin ƙwayoyin gado shi ne mafi nauyi, kuma yana bukatar taka-tsantsan. Alamomin da aka duba dangantaka suke nunawa, ba juriya ba, don haka ba za a ce garken maƙwabta yana da wani ƙarfi na musamman ba. Cutar ce ba ta isa gare su ba. Rarrabuwar daji, wadda aka daɗe ana ɗauka babbar abokiyar gaba, a nan ita ta tsare su: akwai haɗi daidai wanda zai riƙe dangantaka cikin tsararraki, amma bai kai wanda zai kai cuta cikin makonni biyu ba. Wannan bai wanke sare dazuzzuka ba, domin ƙaramin garke a keɓe yana nan cikin haɗarin auren gida, kuma fari ɗaya ko gurɓatar ƙorama ɗaya na iya share shi. Amma a inda Bsal ya riga ya sauka, duk mai shirin buɗe hanya tsakanin dazuzzuka biyu ya kamata ya fara gwada garken kowane ɓangare.

Kuma idan fangas ɗin ya kasa cin mita 800 da kansa, alhali ya bayyana a yankin Ruhr na Jamus a 2017, a kusa da Basalona ta Sifaniya a 2018, a Bavariya ta kudancin Jamus a 2020, to akwai mai ɗaukarsa a dogon zango, kuma zargi mafi ƙarfi yana kan mutane: laka a takalmi da tayar keke, ragar mai bincike, ruwan akwatin gilashi da aka zubar a lambu, dabbar ado da aka gaji da ita aka saka a kududdufi. Saboda haka ne masu binciken ba su bayyana ainihin inda ƙaramin garken yake ba, kuma mai shiga wurin don ƙidaya sai ya wanke takalmansa tukuna.